Daga Bequia zuwa Grenada: Lissafin Ruwa da Anga

Asabar, 10 ga Mayu, 2025. Admiralty Bay, Bequia

Yau muka cika tankunan ruwa na jirginmu. Biyu ne, a ƙarƙashin kujerun ciki, sun sha lita 320, ga kuma jarkoki huɗu masu cin lita 20 da muka ɗaure a gefe. Lita 400 ke nan. Da wannan ruwan nake so mu kai kudancin Grenada, inda za a ciro jirgin a ajiye shi a tudu kafin lokacin guguwa ya kankama. Sharaɗin da na gindaya mana biyu ne: ba za mu kwana a tashar kuɗi ba, sai dai a kan anga, ƙarfen da ake jefawa ƙasan teku ya riƙe jirgi, kuma ba za mu sake sayen ruwa ba. Abin da zai ƙaru sai dai daga sama.

Mu biyu ne, ni da ɗan ƙanena da ya gama karatu ya zo taya ni. Jirgin mai filafili ne, tsawonsa mita 11, kuma ya girmi yaron. Da miƙewa za mu yi, yini biyu ya ishe mu. Mun ba tafiyar wata guda.

Tsibirin nan na yankin Karibiyan, da mutanensa ke kira Bekwe, ba shi da kogi ko ɗaya. Kowane gida da indararo a bakin rufi da tankin siminti a ƙasa, abin da damina ta bari shi ake lallaɓawa har ƙarshen rani, kuma Mayu ƙarshen rani ne. Da na ga wata dattijuwa tana wanke kifi sannan ta juye ruwan a gindin barkono, sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai, yadda take sanin adadin tulun da ya shiga randa da wanda ya fita. Na duba na'ura, muna kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, layi ɗaya da Katsina inda aka haife ni. Ban ga dalilin da zai sa baƙo ya zo da kuɗi ya yi facaka da abin da masu gari ke tattali ba.

Talata, 13 ga Mayu. Muna nan

Kwana biyu muna ɗinkin tamfol ɗin tarar ruwa. Tsohon filafili ne da ya mutu, na yanko mita 3 a mita 2, muka naɗe bakinsa, muka huda tsakiya muka ɗaura bakin tiyo. Za a rataye shi a saman wurin zama, tsakiyar ta lotsa, tiyon ya gangara cikin tanki. Allurar ta fi ƙarfin yatsa, sai da muka riƙa jan ta da filaya.

Ka'idar ruwa: lita 12 a yini, mu biyu. Sha da girki babu ƙwauro. Kwanuka a wanke da ruwan teku, a ɗauraye da kofi ɗaya na ruwan daɗi. Wanka a faɗa teku, a fito a shafa sabulu, a koma, sannan a watsa lita ɗaya da rabi daga gorar da muka huda murfinta.

Da azahar yaron ya tsaya da buta a hannu, ya ce, "Baffa, alwala fa? A cikin sha biyun za a cire?" Na ce ya jefa bokiti teku. Tambayar tasa an riga an yi ta. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik: wani mutum ya ce wa Manzon Allah (SAW) suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, aka ba shi amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Na karanta hadisin ina yaro a zaure, ban taɓa ganin teku ba. Yau da gishirin ya taɓa leɓena na ji kamar mutumin yana zaune kusa da ni.

Alƙibla ma ta zo mana da sauƙi. Daga nan tana wajen digiri 67, gabas da ɗan karkata arewa. Jirgin da ke kan anga kullum hancinsa na fuskantar inda iska ke fitowa, iskar nan kuwa daga gabas take zuwa dare da rana. Yawancin lokaci in ka fuskanci hancin jirgi, gyara kaɗan za ka yi. Duk da haka muna duba kamfas kafin kabbara.

Saura lita 363.

Juma'a, 16 ga Mayu. Tobago Cays

Mun ɗaga anga bayan asuba. Mil na teku kusan 25, kowane mil mita 1,852. Iska ta gefe, mai daɗi, muka bar tsibirin Canouan a hagu, awa biyar ba mu ta da inji ba sai a bakin shiga. Na tsara mu iso kafin rana ta karkata, domin a nan da ido ake tuƙi. In rana na sama, ruwan da kansa yake gaya maka zurfinsa: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore mai haske yashi ne, ruwan ƙasa-ƙasa kuwa dutsen murjani ne, ka kauce.

Bari in rubuta yadda muke sa anga, don yaron ya riƙa dubawa. Ana neman farin yashi, ba ciyawa ba. Ni ina kan sitiyari, shi yana hanci, ba a ihu, da hannu ake magana. Na kawo jirgin a hankali yana fuskantar iska har ya tsaya cak. Ya saki anga ta taɓa ƙasa, iska ta fara tura mu baya, yana sakin sarƙa sannu-sannu don kada ta taru a kanta. Zurfin mita 4 ne, a ƙara mita ɗaya daga ruwa zuwa hancin jirgi, biyar ke nan, a ninka sau biyar: sarƙa mita 25. Tsawon nan shi ne sirrin. In sarƙa ta yi gajere sama take ɗaga angar, in ta yi tsawo a kwance take jan ta, sai ta ƙara nutsewa kamar garma a ƙasa mai laima. Daga nan na sa giyar baya na ƙara wuta, shi kuma ya ɗora tafin ƙafarsa a kan sarƙar. In tana karkarwa tana tsalle, angar na jan ƙasa. In ta miƙe ta yi shiru kamar sandar ƙarfe, ta kama. Ya ɗago babban yatsa. Ban yarda ba sai da ya sa gilashin ninƙaya ya nutsa ya gani da idonsa. Ya taso yana haki ya ce, "Ta shige duka, Baffa, wuyanta kawai ake gani."

Gabanmu babu tudu. Dogon zoben murjani ne kawai mai siffar kofaton doki, taguwar Atlantika na fashewa a kansa fari fat, mu kuma muna bayansa cikin ruwa kwance. In ka miƙe gabas daga nan ba za ka taka ƙasa ba sai ka kusa Afirka.

Litinin, 19 ga Mayu. Tobago Cays

Tsibirai biyar ne ƙanana, babu mai zama a kansu, wuri ne da gwamnati ta keɓe. Ma'aikata na zagayowa a kwale-kwale su karɓi kuɗin shiga, kuma an hana kamun kifi. Kusa da tsibirin Baradal kififiyu ke kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. Jiya na yi kusan rabin awa ina shawagi a kan wata babba. Tana tsinkar ciyawa da baki kamar tunkiya, in numfashi ya ƙare ta taso ta shaƙa ta koma, ko kallona ba ta yi ba. Wannan ciyawar ce anga da sarƙa ke tugewa in aka jefa su ba a duba ba, shi ya sa neman farin yashi ya wuce maganar tsaron jirgi kaɗai.

Yini a nan yana da tsari. Da sassafe masu kwale-kwale ke zuwa daga tsibiran Union da Mayreau da burodi da ayaba. Bayan karin kumallo na duba batir. Farantan sola biyu ne, firji ne ke cinye rabin abin da suke kawowa, don haka ba a buɗe shi sai an san abin da za a ɗauko. Sai aikin yini, jirgi ba ya rasa abin gyara: yau tsatsar da ke bin ƙarfen hanci, gobe famfon banɗaki. Bayan la'asar a sake nutsawa a duba anga. Da magariba a kunna fitilar saman jigo. Ƙarfe tara mun kwanta.

Ciyawar teku mai ruwan zuma tana shigowa shimfiɗa-shimfiɗa. Tun 2011 ta addabi yankin Karibiyan, in ta taru a gaɓa ta ruɓe warinta kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sau biyu ta toshe mana matatar ruwan da ke sanyaya inji.

Saura lita 292. Sama wasai, ko gizo-gizon hadari babu.

Alhamis, 22 ga Mayu. Mayreau

Mun yi asara. Da safe na ji famfon da ke kwashe ruwan ƙasan jirgi ya tashi da kansa, abin da bai saba ba. Na ɗaga katakon daɓe na tarar da ruwa. Abu na farko, a ɗanɗana. Da gishiri ne, jirgi ke yoyo, babbar magana. Na sa yatsa na kai baki: ruwan daɗi. Zoben ƙarfen da ke matse tiyo a bakin tankin dama ne tsatsa ta ci ya tsinke. Mun sa sabo, na bi sauran guda tara ɗaya bayan ɗaya na canja uku. Lita 60 sun tafi.

Yaron ya yi shiru duk yinin. Shi ke rubuta lissafi, ya san lita 60 wanka arba'in ne. Saura 196. Mun koma lita 10 a yini.

Lahadi, 25 ga Mayu. Chatham Bay, Union

Wurin nan yana yammacin tsibirin, tuddai sun kewaye shi, da rana kamar tafki. Amma tuddan ba sa tare iska, tara ta suke yi su sako ta gaba ɗaya. Sai a yi tsit, sai ka ji ta taho ta cikin itatuwa, ta bugi jirgi ya karkata, sarƙa ta yi ƙara, sannan a sake yin tsit.

Jiya mun iso a makare, rana ta yi ƙasa, ba a ganin ƙasan ruwa sosai. Sarƙa ta yi shiru a ƙarƙashin ƙafa, na ce ya isa, ba sai an nutsa ba. Kuskuren nawa ne. Wajen ƙarfe biyu da rabi na dare ƙararrawar waya ta tashe ni, wadda ke kuka in jirgi ya fita daga da'irar da aka shata masa. Tun kafin in duba na san abin da ya faru, domin iskar ba ta hanci take shigowa ba, ta gefe take bugu. Jirgin da angarsa ta saki haka yake yi, ya juya gefe ya bi iska. Babu wata, duhu kamar a rufe ido. Fitilar wani jirgi da muka bari can baya ta matso har ina jin injin firjinsu.

Na ta da inji, na ce, "Tashi, hanci!" Bai tambayi komai ba. Ya sa fitilar goshi ya rarrafa gaba, na riƙe jirgin da inji yana fuskantar iska, ya janyo sarƙa. Da angar ta fito sai ga ta da dunƙulen ciyawa da saiwoyi kamar an tuge gindin gamba. A ciyawa ta maƙale, ba ta taɓa yashi ba. Ya cire da hannu, muka zaga muka koma, muka sake saki, wannan karon mita 40. Na ja da baya minti uku cur ina kallon fitilu biyu a gaɓa, ɗaya a bayan ɗaya, ba su rabu ba. Ba wanda ya koma barci. Na dafa shayi, muka zauna a waje har asuba.

Da gari ya waye ya nutsa ba tare da na ce masa komai ba. Daga yau in ba za mu isa wuri kafin ƙarfe uku na rana ba, ba za mu tashi ba.

Laraba, 28 ga Mayu. Clifton, Union

Mun zo buga fasfo, domin daga nan za mu bar ƙasar Saint Vincent da Grenadines mu shiga ta Grenada. Kwastan da shige da fice ba su ɗauke mu awa guda ba.

Na daɗe ina jin labarin guguwar Beryl, yau na ga sawunta. Ranar 1 ga Yulin 2024 ta faɗa wa tsibiran nan da iskar da ta kai kilomita 240 a awa. Firaministan ƙasar na lokacin, Ralph Gonsalves, ya ce kusan kashi 90 cikin 100 na gidajen Union sun rushe ko sun lalace. Wata goma sha ɗaya ke nan. Ko'ina ƙarar guduma, sabon kwano na walƙiya kusa da gidan da har yanzu tamfol ne a kansa, ga wasu bango huɗu kawai.

Abin da ban yi tunani ba sai da wata mai sayar da kayan miya ta faɗa mini: a nan rufi shi ne rijiya. Wanda guguwa ta ɗauke wa kwano, ta ɗauke masa ruwan shekara, tankinsa kuma ya cika da tarkace da gishiri. Ta ce damina ta yi ta zuba bayan guguwar suna kallo, babu abin tara. Akwai inda za mu iya sayen ruwa a garin. Yaron ya dube ni, na dube shi, muka sayi tumatir da albasa da lemon tsami muka koma jirgi.

Saura 138.

Lahadi, 1 ga Yuni. Tyrell Bay, Carriacou

Mun shigo ranar Alhamis da tutar rawaya a sama, alamar ba mu ga kwastan ba tukuna, muka sauke ta bayan an buga. Yau a ƙa'ida lokacin guguwa ya fara, zai kai 30 ga Nuwamba. Safe da yamma ina duba hasashen cibiyar lura da guguwa ta Amurka. Babu komai tukuna. A arewacin wannan lungu akwai kurmin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, inda jirage ke ɓuya in guguwa ta taho. Da yawa sun ɓuya a can bara, Beryl ta tara su kan juna.

Tun shekaranjiya sararin sama ya yi fari, rana ta zama kamar faranti, tsibiran da muke hangowa sun ɓace. Na shafa farantin sola da yatsa, ya fito da jar ƙura. Hazo ne, namu na gida. Iska ke ɗebo shi daga Sahara ta tsallako da shi teku, tafiyar kusan mako guda. Na daɗe ina kallon yatsan. Sola ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma busasshiyar iskar da ke ɗauke da ƙurar tana hana hadari haɗuwa. Masu jirage na murna da ita don tana raunana guguwa, mu kuwa ruwa muke jira.

A gari mun ci abin da suke kira kuku: garin masara aka tuƙa da kuɓewa, aka mulmula, ga miyar kifi. Yaron ya kai loma ɗaya ya ce, "Baffa, wannan ai tuwo ne." Awaki da tumaki na yawo sakaka a hanya. An ce mini haka ake yi da rani, a sake su su nemi abinci, in an yi shuka a ɗaure.

Saura 97. Wanka ya koma kwana biyu sau ɗaya.

Laraba, 4 ga Yuni

Alhamdu lillahi.

Ƙarfe huɗu saura na asuba na ji iska ta canja, ta yi sanyi, da ƙamshin ƙasa daga tudu. Kafin in fito ya fara sauka. Abu mafi wuya shi ne minti goman farko, dole ka bar shi ya zube, domin tamfol da saman jirgi duk gishiri ne da ƙura. Muka tsaya cikin ruwan da buroshi muna wanke daɓe, jan ruwa na gangarawa teku, tiyo na zuba a banza, ina addu'a kada ya ɗauke. Na tara a kofi na ɗanɗana, gishiri. Na sake, da sauƙi. A karo na uku ya zo garau. Na ce, "Sa!" Ya cusa tiyon a bakin tanki, muka ji sautin zubarsa a ciki kamar ana cika randa.

Tamfol ɗin ya yi aiki, sai dai iska na ɗaga tsakiyarsa ruwan ya watse. Na ɗaura masa jarka rabi a ƙasa ta riƙe shi. Muka toshe magudanar gefen jirgi da tawul, ruwan daɓe ya taru muka kwasa da bokiti don wanki. Ya yi awa ɗaya da rabi. Da ya tsagaita, yaron na tsaye da sabulu a ka yana dariya, daga tudu kuma muna jiyo mutane na kiran juna.

Tanki ya ƙaru da lita 85, bokitai da jarkoki 50. Igiyoyin jirgi duk sun cika da shanya.

Juma'a, 6 ga Yuni

Yau Babbar Sallah a gida. Kuɗin layya tun makon jiya na tura. Muka yi wanka da ruwan sama, muka sa kaftanin da ke ƙasan jaka tun Janairu, muka yi kabbarori a hancin jirgi. Da aka kira ta bidiyo, Hajiya ta ce wa jikanta, "Kai, ka yi baƙi! Baffan naka yana ba ka abinci kuwa?" Ya juya mata wayar ta ga kifin da ke kan wuta. Ta tambaya ko an yi ruwa a wajenmu, na ce shekaranjiya. Ta ce su ma an fara, har wasu sun yi shuka.

Litinin, 9 ga Yuni. Tyrell Bay

Gobe in Allah ya yarda za mu tsallaka Grenada, mil 30 da 'yan kai zuwa St. George's, babban birninta. A hanya akwai dutse mai aman wuta a ƙarƙashin teku, Kick 'em Jenny, kilomita 8 arewa da Grenada. Ba a san da shi ba sai da ya yi aman 1939. An hana jirage matsawa ƙasa da kilomita ɗaya da rabi daga bakinsa, in ya motsa a faɗaɗa zuwa biyar. Na shata hanyarmu ta yamma da shi, da tazara mai yawa, na nuna wa yaron a taswirar takarda, domin shi zai tuƙa rabin farko.

An sake yin yayyafi jiya, lita 20. A tanki da jarkoki yanzu akwai 168. Abin da ya rage kafin a ciro jirgi: a ɗinka wa tamfol madauri a tsakiya maimakon jarka, a sake fentin alamomin sarƙa don na mita 30 ya goge, a sayo zobban tiyo na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kwale-kwalen roba mun riga mun ɗora shi sama mun ɗaure. Tashi ƙarfe biyar da rabi.